Yadda Za Ka Fara Sauraron Peter Gabriel Bayan Ya Bar Genesis

In kai masoyin Genesis ne, ƙungiyar mawaƙan rock ta Ingila da Peter Gabriel yake rera mata waƙa a da, abu na farko ka cire su daga zuciyarka tukuna. Mutumin nan ya bar su ne a 1975, mai ganga Phil Collins ya karɓi makirufo, shi kuwa ya kama wata hanya daban, don haka kar ka shiga kana neman tsohon salon.

Ni dai shawarata kar ka fara da albam ɗinsa na farko. Fara da albam ɗinsa mai suna "So" na 1986, shi ya fi saurin shiga kunne, a ciki akwai In Your Eyes inda Youssou N'Dour ɗan Senegal ya shigo da muryarsa da yaren Wolof, wallahi wajen nan kaɗai ya isa ya riƙe ka.

Daga nan sai ka koma baya, amma a nan ake ruɗewa, domin albam huɗu na farko, 1977, 1978, 1980 da 1982, duk sunansa kawai ya sa musu, to ka dinga duba shekara da hoton bango. Na 1980 shi ne na zauna a kai sosai. Sa abin ji a kunne ka lura da ganga, ya hana a kaɗa faifan ƙarfen nan da ke tare da ganga (cymbal) gaba ɗaya, shi ya sa sautin ya yi nauyi haka, kuma Collins ɗin ma ya buga a ciki. Waƙar ƙarshe Biko ce, kan Steve Biko, ɗan gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata, da ya rasu a hannun 'yan sandan Afirka ta Kudu a 1977.

Na 1978 kam ka bar shi sai ƙarshe.