Yadda za ki ceto shukar cikin gida idan ganyenta ya langaɓe

A daminar bara, tsakiyar markar watan Agusta, wata shuka da nake ji da ita a falo ta fara sunkuyar da kai. Irin wadda masu sayar da furanni ke kira fis-lili ce, mai faffaɗan ganye kore shar da farin fure kamar cokali. A bokitin fenti na dasa ta, kullum bayan sallar asuba sai na ba ta ruwa kofi guda. Da na ga ganyen ya yi yaushi sai na mai da shi kofi biyu. Kwana biyar, abin sai gaba yake yi. Na rungumi bokitin na shiga keke, na kai wa dattijon da na saye ta a hannunsa. Ya tura yatsa cikin ƙasar, ya shinshina, ya ɗaga bokitin ya leƙa gindinsa.

"Hajiya, ai ba ƙishirwa take ji ba," in ji shi. "Ruwa ne ya sha kanta. Ina hudar da zai fita?"

"Wallahi Baba, ban huda ba."

Abin da ke tsayar da ganye cak shi ne ruwan da ke cikinsa, kamar yadda iska ke tsayar da taya. Saiwa ce ke jawo ruwan, ita kuma saiwa tana buƙatar iska a cikin ƙasa. In ƙasa ta bushe, ganye ya langaɓe. In ƙasa ta jiƙe sharkaf kwana da kwanaki, saiwa ta rasa iska ta ruɓe, ba ta iya jan ko ɗigo, nan ma ganye ya langaɓe. Ciwo biyu ne masu kama ɗaya, kuma maganin wannan shi ne ajalin wancan. Saboda haka ki ajiye buta tukuna.

Mataki na farko: ki tambayi ƙasar

Ki tura yatsa har gaɓa ta biyu. In ba kya son ɓata ƙunshi, tsinken tsire ma ya wadatar: ki soka shi har ƙasan tukunya, ki zaro, ki duba ko ya fito da laka. Sannan ki ɗaga tukunyar. Busasshiya ba ta da nauyi, mai ruwa kuwa hannunki zai gaya miki.

Mataki na biyu: in ta bushe

Wannan shi ne mai sauƙin. Sai dai ƙasar da ta bushe ƙamas takan janye daga jikin tukunya, in kika zuba ruwa ta sama sai ya bi gefe ya zurare, tsakiya na nan a bushe. Ki tara ruwa a roba, ki saka tukunyar ciki har rabinta, ki bar ta minti 20 zuwa 30 ta sha ta ƙasa, ki cire ta tsane. Fis-lili kan miƙe cikin 'yan awoyi, wasu sai sun kwana.

Mataki na uku: in ta jiƙe, ga ganye a kwance

A nan aikin yake. In abin bai yi nisa ba, wato ƙasa ba ta wari kuma kara bai yi laushi ba, ki daina ba ta ruwa, ki zubar da wanda ya taru a farantin da ke ƙarƙashi, ki kai ta inda iska ke kaɗawa. Bokiti ko roba da ba huda, ki ɗora ƙusa a wuta ki huda gindinsa wuri huɗu ko biyar.

In kuwa ganyen ƙasa sun fara rawaya, ga wani wari kamar na kwata, to sai an fito da ita. Ki shimfiɗa buhu, ki kifa tukunyar a tafin hannu, kara tsakanin yatsunki, ki bubbuga gindin har ta zame. Ki karkaɗe ƙasar a hankali ki dubi saiwoyin. Mai lafiya fara ce ko ruwan madara, da ƙwari. Ruɓaɓɓiya baƙa ce ko ruwan ƙasa, ta yi luguf, in kika ja sai fatar ta saɓule ta bar wani siririn zare a hannunki. Tawa da Baba ya zazzage, fiye da rabi haka suke. Da sabuwar reza ya datse su duka har inda ya ga fari, bai ji tausayin ko ɗaya ba, domin wadda aka bari ita za ta harbi sauran. In almakashi za ki yi amfani da shi, ki goge shi da sifirit. Ki rage ganye kaɗan ma, tunda saiwar da ta saura ba za ta iya ciyar da su duka ba.

Kada ki mai da ita tsohuwar ƙasar. Kada kuma ki ɗebo jar ƙasar bayan gida zalla, irin tamu ta Jos da ke danƙarewa in ta sha ruwa, ta koma kamar bulo in ta bushe. Ni kwano biyu na baƙar ƙasa nake haɗawa da kwano ɗaya na yashin rafi mai tsakuwa, da ɗaya na takin da ya gama ruɓewa, in barbaɗa dakakken gawayi. Ki dasa, ki ba ta ruwa sau ɗaya ya fita ta ƙasa, ki ajiye ta a inuwa mai haske. Sai saman ƙasar ya bushe za ki ƙara.

Mataki na huɗu: in ruwa daidai yake, ki dubi inda take zaune

Mu mutanen Jos muna da abin da na Abuja ba su cika fama da shi ba. Garin nan yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a wasu dararen Disamba da Janairu sanyi kan sauka kusa da digiri 10. Yawancin shuke-shuken falo 'yan asalin dazuzzuka masu ɗumi da laima ne, wannan sanyin yana dukansu. Shukar da ta kwana a baranda ko jikin gilashin taga sai ki tarar da safe ta yi laƙwas. Ki riƙa shigo da ita ciki da magariba. Ruwan da ya kwana a waje a duro, wanda ke ƙone hannu don sanyi, kada ya taɓa saiwarta. Ki bari hantsi ya yi. A hunturu shuka ba ta girma sosai, shanta ma raguwa yake yi, duk da busasshiyar iskar da ke sa mutum ya zaci ƙishi take ji. Ƙurar da ke kwanciya a ganye kuma ki riƙa share ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Daga Maris zuwa Afrilu, in ta kwanta da rana tsaka ta miƙe da yamma, zafi ne kawai. Ki ja ta baya daga taga ko ki saki labule mara kauri.

Mataki na biyar: sauran masu laifi

In kullum kina ba ta ruwa kullum tana bushewa, ki leƙa gindin tukunya. Saiwa ta leƙo ta huda? Gida ya yi mata kaɗan. Ki sauya mata wadda ta fi ta faɗi da kamar yatsu biyu kacal, don babbar tukunya ruwa take riƙewa. Bayan sauyin za ta iya yin mako ɗaya ko biyu a langaɓe, ki ƙyale ta ta huta.

Taki ma yana kwantar da shuka. Ɗanyen kashin kaji, ko takin zamani na NPK da aka zuba da yawa a gindi, ƙone saiwa suke yi, za ki ga bakin ganye ya soye. Ki kwarara ruwa mai yawa ya bi ta huda ya wanke gishirin. Shukar da ke jinya ba a ba ta taki sam. Ruwan wanki da na wanke-wanke kuwa, na san ruwa na wahala a unguwanni da dama, amma sabulu da maiƙo ba abincin shuka ba ne.

A ƙarshe ki juya ganyen ki duba bayansa. Fararen ƙwari masu kama da auduga a maƙale a gaɓoɓi, ko wasu mitsi-mitsin ƙwari masu saƙa siririyar yana kamar ta gizo-gizo da ke yawaita lokacin rani, duk tsotse ruwan ganye suke yi. Ki ware ta daga sauran, ki wanke ganyen da ruwa, ki goge masu audugar da auduga mai sifirit, ki maimaita duk mako har su ƙare.

Shukar moɗa da alobera ba sa bin lissafin fis-lili. Su ruwa suke ajiyewa a ganye, don haka in kika ga sun yi laushi sun faɗi gefe, kusan kullum yawan ruwa ne, kuma a damina za su iya yin mako uku ba ki waiwaye su ba.

Ganyen da ya riga ya yi rawaya ba zai koma kore ba, ki yanke shi daga tushe. Tsakiyar shukar za ki riƙa dubawa. Tawa ta yi kusan wata guda ba motsi, da ganye huɗu kacal, kafin wata safiya in ga sabon ganye a nannaɗe kamar tsinke yana ɓullowa daga gindi.