Idan Mai Koyon Zane Ya Ce Maka "Ya Ka Gani?"

Yawancinmu amsa biyu gare mu idan ƙani ko ɗalibi ya miƙo mana zanensa. Ko mu ce "Masha Allah, ya yi kyau" mu mayar masa da kayansa, ko mu tuntsire da dariya mu ce "Wannan kuma wane ne?" Ta farko kara ce, ta biyu cin fuska, kuma ko wacce ka ba shi, yaron zai tafi bai san inda zai ɗora fensir gobe ba.

In za ka yaba, nuna wurin. Ka ce masa naɗin rawanin nan ya zauna, ana ganin inda yadi ya hau kan yadi. Yanzu ya san abin da hannunsa ya iya.

Maganar da ta fi yawa a bakin mutane ita ce "bai yi kama ba." Ai mai zanen ya riga ka gani, shi ya sa ya kawo maka. Dalilin ne ya ɓace masa, kuma galibi matsalar awo ce. Masu koyo suna kai idanu can sama kusa da goshi, alhali a fuskar babban mutum idanu suna wajen tsakiya ne, in ka auna daga tsakar ka zuwa haɓa. Tsakanin ido da ido kusan faɗin ido ɗaya ne, kunne kuma daga daidai gira yake farawa ya sauka daidai ƙasan hanci. Amma kada ka zauna kana karanto masa wannan kamar hadda. Ba shi madubi ya kalli zanen a ciki, ko ka juya takardar kai ƙasa. Karkatar da idonsa ya saba da ita za ta fito fili, shi da kansa zai ce "Au!"

Haka batun inuwa. Za ka ga an dirje fuskar mutum baƙi da fensirin HB daga goshi har wuya, an mulke da yatsa, fuska ta zama shafe kamar bango. Cewa "ya yi duhu" ba gyara ba ne. Tambaye shi daga wane gefe haske ke shigowa. In ya nuna dama, to goshi da karan hanci da kuncin dama su sha haske, ƙarƙashin haɓa kuma ya nemi fensir mai laushi da ya fi HB baƙi, wato 4B ko 6B.

Akwai masu karɓe fensir su gyara a kan takardar mai ita. A bar wannan, don Allah. Ɗauki wata takarda ka gwada masa a gefe.

Kada kuma ka zazzage masa aibu goma a zama ɗaya, musamman a gaban abokansa. Zaɓi mafi girma. Wanda kan mutuminsa ya karkace, ba lokacin yi masa maganar gashin ido ba ne.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne auna kowane zane da hoton kyamara. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya don sun ƙi yarda cewa salon Turawa kaɗai ne zane. Magina da suka ƙawata bangayen gidajen Zariya da na unguwar Birni a Damagaram ba su nemi yin kama da komai ba. Don haka kafin ka buɗe baki, tambaye shi me ya yi niyya. In yarinya ta ɗauko salonta daga zanen lalle ko zayyanar allo, duba daidaiton layukanta da yadda launukan suka zauna da juna. In kuwa wani ya zaɓi gidaje da itatuwa saboda ba ya son zana mai rai, yi masa magana kan gidajen: ko katangar nesa ta ƙanƙance yadda ya kamata, ko ƙofar zauren ta yi wa mai shiga kaɗan.