Yadda ake haɗa siririn fim na ZnO mai kobalt ba tare da hantsaki ya yaudare ka ba

Tun da Dietl da abokan aikinsa suka yi hasashe a 2000 cewa ZnO (zinki oksaid) mai ɗauke da manganis zai iya riƙe maganaɗisu a zafin ɗaki, ɗalibai ke ta rububin wannan aiki, har da gwada kobalt a madadin manganis, da fatan samun sinadarin na'urorin spintronik, wato masu aiki da maganaɗisun ilektron. Haɗa fim ɗin ba wuya. Wajen awo ake faɗuwa.

Narkar da zinki asetet cikin 2-methoxyethanol, ka zuba monoethanolamine mol ɗaya ga kowane mol na zinki, sannan kobalt asetet. Kada kobalt ya haura kashi 5 cikin 100, ko wa ya ce maka a ƙara. A yi ta motsawa awa 2 a digiri 60 na Selsiyus, a bar shi ya kwana. Ruwan nan guba ne, sai a akwatin zuƙe hayaƙi. In kuɗi sun yi kaɗan, etanol ma yana yi a madadin 2-methoxyethanol.

Ɗiga ruwan a kan gilashin kwaz, a juya shi a na'urar juyi, juyi 3000 a minti na daƙiƙa 30, busarwa a digiri 300, a maimaita shafi bisa shafi, sannan tanderu a digiri 500 na awa 1. Fim mai kyau yakan ɗan yi kore.

To, ga inda gizo ke saƙa. Maganaɗisun fim ɗin ƙanƙane ne ƙwarai, har ƙurar ƙarfen da ido ba ya gani tana iya danne shi. A 2005 masu bincike a IBM sun nuna cewa ɗaukar fim ɗin HfO2 (hafniyam oksaid) da hantsakin ƙarfe kawai ya isa ya haifar da alamar maganaɗisu ta bogi. Ɗalibi zai ga lanƙwasar histeresis, alamar abu ya riƙe maganaɗisu, a na'urar auna maganaɗisu ta SQUID, ya ruga wurin malaminsa da murna, alhali hantsakinsa ya auna. Hantsakin roba kaɗai, tun daga wankin gilashi. Kada ka rubuta lamba a bayan samfur da alƙalamin maka (marker). Ka auna gilashi tsura wanda ya bi wanki da tanderu iri ɗaya, ka debe sakamakonsa. Wanda bai yi wannan ba, ba na ma duba jadawalinsa.

Kobalt ɗin kansa yakan dunƙule ya zama ƙananan ƙwayoyin ƙarfe, musamman in an gasa babu iskar oksijin, kuma XRD, na'urar duba tsarin kristal da hasken X-ray, ba ta cika ganinsu ba. Ganin tsinin (002) na ZnO a jadawalin XRD wajen kusurwar digiri 34.4 bai wanke ka ba. Yi awon ZFC da FC (auna maganaɗisu bayan sanyaya samfur ba tare da filin maganaɗisu ba, da kuma tare da shi) daga sanyi zuwa zafin ɗaki, in da hali ka tura samfur a yi masa XPS, awon da ke nuna ko kobalt ɗin ya zama ƙarfe tsura.