Sayen gida mai sauƙin wuta da ruwa a Legas: abin da za ka duba kafin ka biya

Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin wutar rukunin Band A, wato unguwannin da aka fi ba wuta awoyi masu yawa a rana, kuma ya haura naira 200 kan kowane yunit a Afrilun 2024, dillalai suka gane abin da masu saye ke nema. Duk gidan da aka ɗora wa faifan sola biyu sai a ce maka gida ne mai kare muhalli. Sola kuwa ita ce ta ƙarshe a abin dubawa, domin ita ana iya ƙarawa daga baya. Ƙasar da aka yi gini a kanta da fuskar da gidan ke kallo, su ne ba sa canzawa.

Fara da ruwa. Je ka ga gidan a Yuni ko Yuli, kashegarin ruwa mai ƙarfi, ba a Janairu ba. Dubi gindin katanga: in ka ga layin laka, ko fenti sabo daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, ruwa na kwana a wurin. Tambayi mai shagon bakin layi ko maigadin maƙwabta, sau da yawa ɗan uwanka ne Bahaushe, zai gaya maka gaskiyar da dillali ba zai faɗa ba. Lekki da Ajah ƙasarsu kwari ce mai yashi, Isheri da gefen Mile 12 kuma suna shan ambaliya idan kogin Ogun ya cika. Daɓen gida ya kamata ya ɗara titi da aƙalla santimita 60. Gidan da ya ci hanyar babbar magudana kuwa, ka bar shi ko da araha, gwamnatin jihar na rushe irinsu. Sa lauya ya binciki takardar mallakar fili ta C of O ko amincewar gwamna, da izinin gini, ka kuma kai safiyo naka na kanka.

Sai iska. Iskar Legas yawanci daga kudu maso yamma take zuwa, daga teku. Ɗakin da ke da taga a bango biyu, ɗaya na shigar da iska ɗaya na fitarwa, fanka ta ishe shi yawancin dare. Shiga gidan da ƙarfe 3 na rana, ka ce a kashe esi, ka tsaya minti 10 a ɗakin da ke kallon yamma. Ɗora tafin hannunka a bango. In ya yi zafi kamar murhu, haka zai riƙa sakin zafin har tsakar dare, kuɗin wutarka kuma can zai tafi. Bakin rufi ya fito aƙalla santimita 60 don ya yi wa bango inuwa ya kare shi daga feshin ruwa. Leƙa cikin silin ka ga ko an shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin kwano. Kusa da teku, iskar gishiri na cinye kwanon ƙarfe da wuri, shi ya sa alminiyam mai kaurin milimita 0.55 ya fi daɗewa. Warin fumfuna a bayan ƙofa ko fenti mai kumbura a ƙasan bango alama ce cewa ba a sa ledar hana danshi a tushe ba, gyaransa kuwa akwai ciwon kai.

Yanzu sola. Ranar Legas ba ta Kano ba ce, hadari na rufe ta sosai a damina. A lissafi, ɗauki awa 4 na rana mai ƙarfi. Faifai 8 masu wat 550 za su ba ka kimanin yunit 13 a rana mai kyau bayan an cire wutar da ke salwanta a hanya, abin da zai riƙe firiji, fankoki, fitilu, talabijin da ƙaramin esi ɗaya na wasu awoyi. Irin wannan tsari yana son infata, na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida, mai ƙarfin 5kVA da batirin litiyam na kamar yunit 10. Inda ake cutar mutane shi ne batir. Na ruwa, idan ana zuƙe shi ƙasa da rabi kullum, shekara 2 zuwa 3 ya mutu, mai gida kuma ya sayar maka da shi yana gab da mutuwa. Nemi rasit da takardar garanti, ka duba ranar saye. Duba kuma ko an sa wayar ƙasa da na'urar kare tsawa, don tsawar damina ɗaya na iya ƙona infata.

Ruwan sama dukiya ce da yawancin gidaje ke zubarwa a kwata. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 na rufi lita 1 ce, Legas kuma na samun sama da milimita 1,500 a shekara. Ke nan rufi mai murabba'in mita 100 zai iya tara fiye da lita 100,000. Ana buƙatar indararo, bututun da ke zubar da ruwan farko mai ƙura da kashin tsuntsu, da tanki mai murfi don kada sauro ya hayayyafa. Ya isa wanki, bayi da ban ruwan shuka. Na sha sai an tace. In akwai rijiyar burtsatse, ɗebi ruwan a gora ka ajiye kwana ɗaya. Ya koma ja, akwai sinadarin ƙarfe. Ya yi ɗanɗanon gishiri, ruwan teku ya kutsa. Auna tazararta da sokawe, mita 30 ake so, sannan ka kai ruwan ɗakin gwaji kafin yara su sha.

Idan kamfanin gini ya ce gidajensa na da shaidar EDGE, wadda hukumar IFC ta Bankin Duniya ta kafa, ma'anarta an rage amfani da wuta da ruwa da aƙalla kashi 20 cikin 100. Ce a nuna maka takardar da sunan wannan ginin a jiki. A rukunin gidaje kuma, nemi a rubuta maka kuɗin hidima na shekara, da wanda zai biya idan lokacin canza batiran solar haɗaka ya yi.