Yadda na shawo kan zafin akwatin lantarkin jirgi maras matuƙi

Akwatin lantarkin ƙaramin jirgin da muke haɗawa ya addabe ni. A ƙasa lafiya lau, da ya yi sama kuwa sai kwamfutar ciki ta ɗau zafi ta rage gudu.

Laifina ne. Da iskar ƙasa na yi lissafi, alhali a tsayin mita 3,000 kaurin iska yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, zafin da take kwashewa ma ya ragu. Ga haƙarƙarin alminiyam ɗin, wato siraran faifan da ke kwashe zafin kwamfutar su miƙa wa iska, na matse su kamar haƙoran matsefi, wai dabara. Da na kunna turaren tsinke gaban fanka, sai na ga hayaƙin yana kewaye su ta gefe, ko leƙawa ciki ba ya yi.

Na rage yawansu, na buɗa tsakaninsu zuwa milimita 3, na lanƙwasa siririn gwangwani ya tilasta wa iskar bi ta ciki. Man jan zafin da na lafta tsakanin kwamfutar da alminiyam ɗin kuma na goge, na shafa ɗan kaɗan. Jan ƙarfe ya fi alminiyam jan zafi, amma nauyinsa ya ninka sau uku, jirgin ba zai ɗauka ba.

Tashin da ya biyo baya, kwamfutar ba ta rage gudu ba.