Yadda za ka gano abin da ke sa tsohuwar bas fizga wajen canja giya

Tsofaffin bas ɗin makaranta na Amurka da yawa giyabos ɗin Allison AT545 ne a cikinsu, mai giya huɗu. Babu kwamfuta a ciki, ƙarfin man giyabos ne ke sarrafa komai, don haka daga mai za ka fara.

Da farko ka tuƙa ta har giyabos ya yi zafi. Ka tsaya a wuri mai lebur, ka ja birkin hannu, ka sa giya a N, inji na aiki. Zaro gejin man giyabos, goge, mayar, sake zarowa. Man ya tsaya a layin zafi. Ɗiga shi a kan farar takarda: lafiyayye ja ne garau. In ya yi baƙi yana ƙauri, kulocin ciki sun ƙone. In ya yi kalar shayi da madara, ruwan lagireto ya shiga, kada ka ƙara tuƙa ta.

Sai ka saurari silo, wato gudun inji lokacin da ba ka taka totur ba. In ya yi yawa, bas za ta zabura da ka sa D.

Na uku, duba wayar da ta taso daga totur zuwa giyabos. Ita ke gaya masa nauyin ƙafarka. In ta ɗaure ko saitinta ya goce, giya zai makara, ya shiga da duka. Sau da yawa nan ake samun matsalar.

Shiga ƙarƙashi ka girgiza farfela, wato sandar ƙarfen da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa tayoyin baya, da hannu, ka duba robobin da ke riƙe da inji.

In duk lafiya, kwance kaskon man giyabos. Baƙar ƙura kaɗan ba komai, amma ɓarɓashin ƙarfe sai an sauke giyabos.