Yadda za ka nemi gurbin bincike bayan digirin dokta

Wannan na wanda ya kammala dokta a fannin haɗa sinadarai ne, a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko wani wuri, kuma yana son aikinsa ya shiga kimiyyar halittu.

1. Zaɓi ɗakin bincike guda, ka karanta maƙalolin da shugabansa ya wallafa kwanan nan. Fannin yana bunƙasa: a 2022 Carolyn Bertozzi ta samu kyautar Nobel tare da Morten Meldal da Barry Sharpless, ita saboda hanyar haɗa sinadarai cikin ƙwayar halitta mai rai ba tare da an dagula aikinta ba.

2. Rubuta wa shugaban ɗakin binciken imel gajere. Nan ne mutane suka fi faɗuwa. Kada ka cika shi da tarihin rayuwarka. Faɗi sinadarin da hannunka ya iya haɗawa, da tambayar da zai amsa a aikinsu. Idan ka taɓa tace magani daga tsirrai irin bedi ko sabara, ka ambata, domin ba kowa ke da wannan ba. Idan ba ka taɓa renon ƙwayoyin halitta ba, ka nemi horo a CERMES, cibiyar binciken lafiya da ke nan Yamai, kafin ka rubuta.

3. Haɗa takardar bayanin karatunka da sunayen malamai biyu da za su shaide ka.

4. Nemi kuɗi. Tallafin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai yakan rufe a Satumba, kuma tare da shugaban ɗakin da zai karɓe ka za ku rubuta buƙatar, don haka fara da wuri.

5. Idan mako biyu suka wuce shiru bayan ka aika imel ɗin, tuna masa sau ɗaya cikin ladabi.